Dangar da Muka Kafa a Kan Burtali

Kawuna ne ya fara jefa mini maganar, a shagonsa na kasuwar Gure, yana auna wa wata mata sukari da gwangwani, ko kallona bai yi ba.

"Ke uwar poroje, wannan dangar taku ta kan tudu, ta wane gefe kuka bar wa shanu ƙofa?"

Na ce, "Wace ƙofa kuma, Kawu? Danga ce ta tare rairayi, ba gida ba ne da za a yi masa zaure."

Ya ƙulle leda ya miƙa wa matar, sannan ya juyo gare ni. Kawu mutumin Damagaram ne kamar ni, amma ya fi shekara talatin a Gure yana sayar wa makiyaya ganyen shayi da igiya da takalman roba, saboda haka babu garken da zai motsa a ƙasar nan bai ji ba. Ya ce da hantsin nan wani mutumin arɗo, shugaban makiyaya, ya zo sayayya, ya ce tunda an gama yankan gero shanunsu sun kamo hanya daga arewa, nan da kwana huɗu za su sha ruwa a rijiyar kwarin da nake aiki. Kuma ta kan tudun gabas suke gangarowa, kamar kowace shekara.

Na ce, "Wane tudun gabas?"

Ya ce, "Guda nawa ne?"

Guda ɗaya ne. Shi ne kuma wanda muka shafe damina muna ɗaure shi da danga daga wannan kai zuwa wancan, ba mu bar ko inda kaza za ta bi ba. Na zauna a kan buhun gishirinsa ba tare da an ce in zauna ba.

Aikina a wancan lokaci a poroje, wato shirin raya karkara, in a takarda ne, sunansa dogo: mai haɗa kan ayyukan jure canjin yanayi a garuruwan da rikici ya taɓa. In innata ce ta tambaya kuwa, sai in ce mata ina hana rairayi cin gari, ita kuma ta ce Allah ya ba da sa'a, amma in sani rairayi ya girme ni. Ƙasar Gure tuddan yashi ce, a tsakaninsu kuma akwai kwari, wato wuri mai zurfi inda ruwa ke kusa, inda dabino da goruba da rogo da albasa ke yi. Garin da ke da kwari yana da abinci. Tun da damina ta rikice, bana ambaliya baɗi fari, ciyawar da ke riƙe tudu ta mutu, sai tudu ya tashi yana tafiya, yana gangarowa cikin kwari kaɗan-kaɗan. Maganin da muka sani shi ne a saro kalimbo, wani tsiro mai tsinke-tsinke da ke fita a jigawa, a kafa shi layi-layi a jikin tudun, a gicciye, kamar gidajen dara. Iska in ta kwaso yashi sai ta buga da danga ta zubar da shi nan. A cikin kowane gida a dasa dakwara, a watsa irin ƙarangiya. In aka samu shekara uku babu kofato a wurin, tudu ya zauna.

Garin da aka tura ni yana ƙasar Bune, ƙarami ne. An zaɓe shi ne don dalili biyu. Shekarun baya manomansa da makiyaya sun yi faɗa har an rasa rai. A takardar da aka ba ni layi biyu ne kacal, an yi faɗa, an sasanta, ni kuma ban tambayi yadda aka sasanta ba. Dalili na biyu, a bazarar shekarar nan gidaje goma sha ɗaya na 'yan gudun hijira daga bakin kogin Komadugu suka sauka a gefen garin, bayan sun yi shekaru ana turo su daga wannan wuri zuwa wancan.

To ni Allah ya yi ni da baki. A wani gari kafin wannan an taɓa ƙona mana danga saboda gardamar gona, abin yana raina. Ranar taron farko, a gaban bulama, wato mai garin, da dattawansa, na miƙe na gyara mayafi na ce duk ƙasar da aka taɓa jayayya a kanta, ko ta kaza ce, a faɗa mini yanzu mu naɗe tabarmarmu mu tafi Kelle, can ma tudu na cin gari. Sau uku na tambaya. Aka yi tsit. Bulama ya ce ƙasar lafiya lau take. Na koma mota ina jin kaina, har ina ce wa shofer, wato direbanmu, haka ake yi da mutane, a fito musu fili.

Izinin aiki ya zo mana a makare, sai da ruwa ya sauka muka fara. Makiyaya sun riga sun yi arewa, mutanen gari kowa yana gonarsa. Waɗanda ba su da gona su ne baƙin nan, saboda haka kusan duk dangar hannunsu ne ya kafa ta. Shugabar matansu wata tsohuwa ce da nake kira Iya, ita kuma tana ce mini ɗiyata. Siririya, mai zanen barebari a fuska, ba ta da yawan magana. Mijinta da ɗanta can bakin kogi aka baro su, sau ɗaya ta faɗa mini, ba ta ƙara ba. Tun da ta baro gida aikinta surfe a gidajen mutane da saƙar tabarma, mace da a da take shanya tattasai har a rasa wurin taka ƙafa a tsakar gidanta.

Da danga ta tsaya, ni ce na matsa wa bulama ya yanka wa baƙin garka a gindin tudun, tunda yanzu yashi ba zai taɓa wurin ba. Ya yi ta nuƙu-nuƙu, na yi ta matsawa, ya yarda. Ni ce kuma na zaɓa wa Iya ta tsakiya, wadda ta fi kusa da rijiya, don kada ɗaukar ruwa ya karya ta. Ta shuka tattasai. Wannan garkar ita ce ƙasa ta farko da aka nuna mata aka ce tata ce tun da ta gudo.

Washegarin maganar Kawu, rana ba ta yi zafi ba muka isa garin. Na tarar da bulama a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba.

"Baba Bulama, ashe haka za ku yi mini? Burtali ne muka rufe?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Zauna, Madam."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"To tsaya, amma ki saurara."

A tsaye na ji yadda aka sasanta. A faɗan nan mutum biyu suka mutu, ɗan 'yar'uwar bulama da ƙanen arɗo. Malamai da dattawa suka zauna aka yi rantsuwa. Akwai wata aduwa a bakin kwarin. Kowace kaka, kafin shanu su gangaro, arɗo zai zo ya tsaya a gindinta ya jefa sandarsa kudu. Daga aduwar zuwa inda sandar ta faɗi, wannan shi ne faɗin hanya, tun daga kan tudu har rijiya. Manomi ba ya shuka a ciki, saniya ba ta taka waje. Babu turke, babu siminti, babu takarda. Tun daga ranar ba a sake zubar da jini ba.

Na ce, "Ina aduwar? Ni ban ga wata aduwa ba."

Ya ce, "Tana ƙarƙashin dangarki. Bara ƙarshen rassanta ake gani, bana tudu ya shanye ta."

"Kuma kuka yi shiru? Sau uku na tambaye ku!"

Sai a nan ya ajiye igiyar. Ya ce, "Kin tambaya, kin kuma faɗa mana abin da za ki yi in mun amsa. Na dubi dabinon ubana, yashi ya kai masa wuya. Na ce a raina bari a kafa tukuna, kafin kaka Allah zai kawo dabara."

"To ga kaka ta zo. Ina dabarar?"

"Ba ta zo ba."

Wallahi na so in yi ihu. Amma wa zan yi wa? Baki shi ke yanka wuya, kuma nawa ne ya yanka. Na tambaye shi garkar wa hanyar za ta ci. Ya dubi wajen rijiya. Ban buƙaci amsa ba, ni da kaina na auna wurin.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne maganganun da na tsinta a cikin gari. Wasu mazan suna cewa danga ta tsaya ke nan, wanda ya taɓa ta zai gani, dama sun gaji da shanu. Wasu kuma, a hankali, sun fara cewa ai ba su suka kafa ba, baƙi ne. Na ga inda abin zai faɗa. In makiyaya suka iso da shanu masu ƙishirwa suka tarar an toshe hanya, aka tambayi hannun wa, za a nuna gidaje goma sha ɗaya da ba su da kowa a ƙasar.

Na hau kan tudu inda salula ke kamawa na kira shugabana na ofis a Damagaram. Ya ce kada in kuskura in taɓa dangar, manyan da suka ba da kuɗin aikin na zuwa ganinta wata mai zuwa, in kira jandarma su tsare wurin. Na ce jandarman shekara uku za su kwana a kan tudun? Ranar da suka tafi fa? Ya ce to in yi abin da na ga dama, amma in san ni ce a wurin. Na ce ai na sani.

Rana ta biyu muka bi sawun shanu arewa har muka samu arɗo a inda suka yada zango. Dogon tsoho ne, gemunsa fari fat, yana zaune a inuwar wata bishiya. Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya sa aka kawo mini madara a ƙwarya, sai da na sha ya bar ni na yi magana. Na ba shi haƙuri, na ce kuskurena ne ni kaɗai, na roƙe shi su zagaya ta kudancin tudun, shekara uku kawai, har itatuwan su kama.

Ya ce, "'Yata, ta kudu gonakin waken wani gari ne, ba a ɗebe ba tukuna. So kike ki raba ni da faɗa ɗaya ki kai ni ga wani?"

Na ce to ta arewa.

"Ta arewa wuni guda ne. Shanun nan in sun iso kwana biyu ke nan rabonsu da ruwa. Masu ciki za su zube a hanya."

Na gaya masa maganar Iya. Ya saurara har na gama, ya girgiza kai, ya ce Allah sarki. Sannan ya ce, "Hanyar nan ba tawa ba ce da zan bayar. Ƙanena yana kwance kusa da ita. In na kauce bana, baɗi za a ce da ma can babu hanya, kuma lokacin ƙila ba ni da rai, waɗanda za su zo ba za su ba ki madara ba."

Abu ɗaya na samu daga gare shi. Ya yarda a tsayar da garken a bayan tudu rabin wuni, shi ya fara zuwa da mutane kaɗan ya yi jifa kamar yadda aka saba, a buɗe iya inda sandar ta kai.

A hanyar dawowa wani tunani ya shige ni, har yau ina jin kunyarsa. Tsohon nan ya kai saba'in. Na ga yadda ya dafa gwiwa kafin ya miƙe. Jifa nawa ya rage a wannan kafaɗar? Da muka isa na zagaya na auna garkar Iya da ƙafa: taki talatin da biyu daga inda bulama ya ce aduwar take zuwa ƙarshen garkar. Na samu wata sanda na je bayan tudu inda ba kowa, ni, mace mai 'ya'ya uku da takardun makaranta, ina ta jifa ina ƙirga taki. Goma sha huɗu. Goma sha shida. Na ce ko da ya fi ni, ai ba zai wuce ashirin ba, Iya za ta tsira da kashi ɗaya cikin uku. Na kira Kawu ina tambayarsa ko ya taɓa jin arɗo na kukan ciwon kafaɗa. Kawu ya ce, "Ke kuwa lafiyarki?" A sallar la'asar na kama kaina ina roƙon Allah ya raunana hannun bawansa da bai yi mini komai ba sai alheri. Na yi istigfari, amma ban janye roƙon ba.

Saura Iya. Rana ta uku na same ta a garka tana ban ruwa da wani tsohon gwangwani. Tattasan ya yi kyau, Allah ya sani, ya fara 'ya'ya kore shar, saura wata guda ko fiye kafin ya nuna. Ta ja hannuna tana nuna mini layi-layi, tana cewa ƙasar nan ta fi yadda ta zata, in ya nuna ni za ta fara ɗaura wa. Na yi ta cewa madalla, madalla, kamar wata sakarya. Sai da ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, fuskarki ba daidai ba," sannan na faɗa mata duka, har da cewa ni ce na sa ta a kan hanyar.

Ta ajiye gwangwanin. Ba ta tambayi komai a kan tattasai ba. Ta ce, "Masu shanun, da me za su zo?"

Na ce, "Sanduna ne kawai, Iya. Mutanen kirki ne, na ga shugabansu."

Ta ce, "To."

Ta ɗauki gwangwanin ta ci gaba da ban ruwa, har layin ƙarshe. Na tsaya ina kallonta, ban san ko in taya ta ko in hana ta ba.

Ranar jifa da sassafe na ratsa ta bukkokin baƙin don in gaishe su. A kowace bukka kaya a ɗaure suke. Tabarmi a naɗe, tukwane cikin zane, ƙulli a bakin ƙofa. Babu wanda ya ce su ɗaure. Wata mata ta ga ina kallo ta ce kawai shara suke yi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

A bakin kwari mutanen gari sun taru, maza wajen talatin, da yawansu riƙe da fartanya wai gona za su, alhali an gama aikin gona. Bulama na gaba. Baƙin suna can gefe guda a cure. Sai ga arɗo ya ɓullo ta kan tudu da mutum shida, suna tsallake dangarmu layi bayan layi, kuma daga bayan tudun ana jiyo kukan shanu, sun ji ƙanshin ruwa. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, kowa yana tambayar gida da gajiya, idanu kuwa suna kan hannuwa. Bulama da arɗo suka taka tare suka tsaya a wani wuri a gindin tudun. Bulama ya tona yashi da hannu har ya taɓo busasshen reshe mai ƙaya, ya nuna wa kowa. Babu wanda ya musa.

Arɗo ya tuɓe malfa ya ba na kusa da shi. Ya yi bisimilla. Ni ina jira in ga ya ɗaga hannu sama kamar yadda na yi ta yi a bayan tudu. Ina! Sai ya ɗan sunkuya, ya riƙe sandar ta ƙarshenta, ya wurga ta ƙasa-ƙasa ta gefe, tana juyi tana kuka. A nan na gane wautata. Mutumin da ya shekara sittin yana dawo da saniyar da ta kauce da jifa daga nesa, shi nake auna wa da hannuna na riƙon biro. Sandar ta shiga garkar Iya, ta wuce layi na goma, ta wuce na ashirin, ta faɗi a cikin layin tattasai na ƙarshe. Ko taki ɗaya bai rage wa Iya ba.

Sai wani daga cikin mutanen gari ya ce, "Ya taka gaba! Na ga ƙafarsa!" Wani makiyayi ya ce, "Wa ya taka?" ya matso. Fartanyu suka sauka daga kafaɗu. Bulama yana cewa ku tsaya, ku tsaya, muryarsa ba ta fita. Ni da ake ce wa mai baki, na buɗe shi babu abin da ya fito. Abin da kawai nake gani shi ne tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa.

Iya ce ta ratsa ta tsakiya. Ba gudu take ba, tafiyarta ta kullum, zanenta a ɗaure a ƙirji. Ta shiga garkarta, ta tsallake layukan ba ta taka ko ɗaya ba, ta ɗauko sandar. Ta kawo ta da hannu biyu, ta rusuna a gaban arɗo ta ce, "Malam, ga sandarka. Bai taka ba, ina kallo. Garkar tawa ce, ni ban da magana."

Sannan ta juya ga mutanen gari ta ce, "Ku yi wa Allah. Mu muka kafa, mu za mu cire."

Ta hau gindin tudun ta kama dangar farko ta fara ja. Ta ƙi fita. Ta durƙusa tana tona gindinta da yatsu. Matan baƙin suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Mai cewa an taka ya tsaya da fartanyarsa a hannu, ya rasa da wa zai yi, don mai garka ta ce ba ta da magana. Bulama ya naɗe hannun riga ya je ya kama. Arɗo ya ce wa mutanensa wani abu da fillanci, su ma suka jingine sanduna suka hau. Ni ce ta ƙarshe. Na cire takalma na hau ina kuka ina fizgar kalimbo, ban damu da wanda ya gan ni ba.

Kafin azahar mun buɗe hanya tun daga ƙasa har kan tudu. Makiyayan sun yi iya ƙoƙarinsu, sun jeru gefe da gefe don kada saniya ta taka garkar wani, kuma ba ta taka ba. Amma shanu masu ƙishirwar kwana biyu ba sa tafiya a hankali. Tattasan Iya bai ɗauki lokacin dafa shayi ba suka tattake shi. Ita tana zaune a kan tarin kalimbon da muka cire, tana cire ƙaya daga tafin hannunta. Da yamma na sake ratsawa ta bukkoki, na ga an kwance kaya an ɗora tukwane. Kwana biyar da makiyayan suka yi a wurin, kullum da safe arɗo yana aiko mata da ƙwaryar madara.

Na yi mata alkawarin wata garka. Na yi da gaske. Na koma wurin bulama, ya zagaya da ni kwarin ƙafa da ƙafa, kowane taki da mai shi, wanda ba shi da mai shi yashi ya riga ya hau. Na roƙi sauran baƙin su ɗan matsa mata, su ma nasu bai kai ya kawo ba, ga shi iskar rani ta samu ƙofa ta fara turo yashi ta hanyar da muka buɗe tana cin na gefe. Na ce wa Iya ta ba ni sati biyu. Aka kira ni Damagaram in yi bayanin dalilin da ya sa na rushe aikin poroje da hannuna, daga nan aka tura ni Gamu wani aikin. Sati biyu ya zama wata biyu. Kullum ina cewa gobe zan je, kullum ina fasawa don ba ni da abin da zan kai mata.

Ranar da na koma, ban tsaya wajen bulama ba, kai tsaye na wuce bukkarta. An cire tabarmar ƙofa. Ciki babu komai sai duwatsun murhu uku. Maƙwabciyarta ta fito tana goge hannu, ta ce kwana tara ke nan Iya ta bi wata motar kaya da ta yi kudu, wai tana da 'yar ƙanwa a wani gari, ita ma ba ta riƙe sunan garin ba. Na tambaya ko wani ya yi mata wani abu. Ta ce a'a, ko kusa, cewa ta yi dai ta tsufa da surfen gidan mutane alhali tana kallon inda garkarta take.

Na juya zan tafi sai matar ta ce, "Af, Madam, ta bar miki saƙo. Ta jira ki har ranar kasuwa biyu don ta faɗa miki da bakinta."

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce don Allah ki yafe mata. Wai kin wahala a kan dangar nan, ita kuma ta cire miki ba ta nemi izininki ba."

Na tsaya a ƙofar bukkar har shofer ya gaji ya kashe mota.